Jinjina Ga Masu Koya Wa Yaran Ruwan Bore Baƙon Harshe, Amma Da Sauran Rina A Kaba

Yaron da aka haifa a Ruwan Bore, ko Mada, ko Wonaka, ko wani ƙauye na ƙasar Tsafe da Bungudu a Jihar Zamfara, yakan kai shekara shida ba a taɓa yi masa magana da Turanci ba. Da Hausa aka rene shi, da ita ake aikensa, da ita ake tsawata masa. In ɗan ruga ne, to da Fillanci. Larabcin da ke bakinsa na allo ne da na salla. Ranar da aka kai shi firamare sai a miƙa shi ga mutum guda, a ce wannan ne zai buɗe masa baki da harshen da ba a yi a gidansu, ba a yi a kasuwarsu, amma da shi za a yi masa duk jarrabawar da za ta yanke masa makoma. A takardun Abuja Turanci harshen hukuma ne. A Ruwan Bore kuwa baƙon harshe ne, kuma malamin firamare ne kaɗai ƙofar da yake shigowa ta cikinta.

Wannan malamin nake jinjina wa, shi da waɗanda suka ɗauki nauyin horar da shi. Ba kasafai ake tunawa da su ba. In an tashi yabo a harkar ilimi, gini ake yabo, domin shi ake gani a hoto. Wanda ya zaunar da malami ya nuna masa yadda ake sa yaro ɗan shekara bakwai ya bambanta sautin "p" da "f", alhali a harshen uwarsa ba a raba su, ba wanda zai yanka masa kintinkiri.

Horar da mai koyarwa ba sabon abu ba ne a wannan ƙasa tamu. Tun kafin jihadi, 'Yandoto ta ƙasar Tsafe ta yi suna a matsayin garin malamai, almajirai na zuwa daga nesa su ɗauki Larabci da fikihu su koma garuruwansu su karantar. Gusau kanta almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya kafa ta, Malam Sambo Ɗan Ashafa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma horar da jajis, matan da take karantarwa sannan ta tura su ƙauyuka su karantar da 'yan uwansu mata. Dabararta ita ce wadda masana ilimin zamani suke ta juyawa har yau: ka ɗauko mutum daga cikin jama'arsa, ka ba shi ilimi, ka mayar da shi ya yi musu bayani da harshen da suke ji. Da boko ya zo, Maru ta zama wurin horar da malamai, kuma a can Malam Aminu Kano ya yi aiki a ƙarshen shekarun 1940 kafin ya ajiye alli ya shiga siyasa. Yau Kwalejin Ilimi ta Jihar Zamfara tana Maru. A Gusau akwai Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha, wadda mata zalla take ɗauka. Akwai kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976, wadda ta ba malamin ƙauye damar ƙaro karatu a ƙarshen mako da lokacin hutu ba tare da ya bar ajinsa ba. Malamai da yawa da suka fara aiki da shaidar malanta mai daraja ta biyu ta wannan hanya suka samu NCE, wadda ita ce yanzu mafi ƙarancin shaidar da doka ta yarda a shiga aji da ita.

Babban yunƙurin da aka yi a kwanan baya shi ne shirin bunƙasa malamai da ake kira TDP, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2013 zuwa 2019. Jihohi uku aka fara da su, Jigawa da Katsina da Zamfara, daga baya aka ƙara Kano da Kaduna. Turanci na cikin darussan da aka sa a gaba, tare da lissafi da kimiyya. Abin da ya burge ni a tsarin shi ne an gane cewa ba za a iya kwaso duk malaman jiha a zuba su a ɗakin taro na wata guda ba. Sai aka haɗa makarantu maƙwabta rukuni-rukuni, malamai su taru lokaci-lokaci a wuri ɗaya, a nuna musu darasi, su gwada a gaban juna. Aka ba su littafin jagoran malami mai ɗauke da darussa daki-daki. Aka kuma sa musu darussan murya da na bidiyo a wayar salula, yadda malami zai saurari lafazin kalma da dare kafin ya furta ta a gaban yara da safe. Ga wanda bai taɓa zama da mai jin Turanci sosai ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Malamin da dā yake rubuta jimla a allo ya ce "ku maimaita" har a tashi, ya fara sanin cewa ana koyar da harshe da waƙa da wasa da tambaya, ana raba yara biyu-biyu su yi magana da juna, kuma ba a dukan yaro don ya yi kuskuren lafazi.

A daidai wannan lokaci, daga 2015, aka kawo shirin RANA a Katsina da Zamfara, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata na UNICEF. Shi kuwa ta Hausa ya ɓullo: a koya wa yaran aji ɗaya zuwa uku karatu da rubutu da harshensu, da littattafan da aka tsara musu, a makarantun boko da kuma makarantun allo da aka shigar wa darussan zamani. Wani zai ce me ya haɗa wannan da baƙon harshe? Komai ma. Yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali ya karanta "tasa" da "gida", ya riga ya gane sirrin rubutu. Ranar da Turanci ya zo, aiki ɗaya ya rage masa, wato sanin sabon harshe. Wanda aka fara masa da Turanci tun ranar farko aiki biyu ke kansa, kuma yawanci ba ya cin ko ɗaya. A ƙarƙashin wannan shirin na ilimin mata ne kuma aka riƙa ɗaukar nauyin 'yan matan karkara su yi NCE da sharaɗin su koma ƙauyukansu su koyar. Duk wanda ya san karkarar Zamfara ya san cewa uba ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa a makaranta in ya ga malama 'yar garin a ciki.

Su kuma malaman, a wane hali suka yi wannan aiki? A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe. A Satumbar 2021 aka kwashe ɗalibai a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnati ta rufe makarantun jihar, aka kuma katse layukan waya. A Satumbar 2023 'yan bindiga suka shiga Sabon Gida ta ƙaramar hukumar Bungudu suka tafi da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, a bakin babban birnin jiha. Malamin da yake hawa babur daga Gusau ya nufi gabas zuwa makarantarsa da asuba ya san duk wannan. Ya san garuruwan da aka sa wa haraji kafin su yi noma, ya san waɗanda suka tashi. Albashinsa kuwa, dokar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 30 an sa mata hannu a 2019, amma ma'aikatan Zamfara sai a 2024 suka fara ganin ta. Da wannan ciki ya tsaya gaban yara yana koya musu gaisuwa da Turanci. Malam, Allah Ya saka da alheri. Malama, sannu da ƙoƙari. Gwamnatin Dauda Lawal ma ta cancanci a ce mata madalla a kan dokar ta-ɓaci da ta ayyana a fannin ilimi a Nuwambar 2023, da gyaran makarantu, da biyan bashin hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO da ya sa aka riƙe sakamakon yaranmu.

To, an yaba. Sai dai yabon da ba a haɗa shi da gaskiya ba zuga ne.

Binciken da aka yi don auna tasirin TDP ya nuna abin da duk hedimasta mai gaskiya ya riga ya sani. Salon koyarwa ya ɗan gyaru, amma sanin darasin kansa a wurin malamai ya kasance ƙasa ƙwarai, musamman Turanci, kuma abin da yara suka ƙaru da shi bai kai yadda aka yi fata ba. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bitar kwana uku tana iya koya wa mutum dabara, ba ta iya ba shi harshe. Malamin da shi kansa ya fito daga firamaren da ba a jin Turanci, ya yi sakandaren da ake fassara masa komai, ya samu NCE da haddar takardun lacca, in ka ba shi littafin jagora zai bi shi sau da ƙafa, amma da zarar yaro ya yi tambayar da ba ta cikin shafin sai ya koma Hausa ko ya ɗaga bulala. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, abin da aka zuba masa ke nan. A Kaduna, a 2017, an yi wa malamai jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 cikin kimanin 33,000 suka faɗi, aka sallame su. Ba wannan nake nema wa Zamfara ba. Wanda zai maye gurbin malamin Ruwan Bore ba ya nan yana jira a layi, domin ɗan birni ba zai karɓi aikin ba. Wanda ke wurin shi za a gyara, kuma gyaran harshe shekaru yake ci: aji na Turanci na malamai su kansu, kowane mako, a kusa da inda suke, da jarrabawar da ke kai mutum ga ƙarin girma.

Sannan duk shirye-shiryen nan kuɗin waje ne, kuma kuɗin waje yana da ranar ƙarewa. TDP ya rufe a 2019. Wayoyin sun tsufa, littattafan sun yage, waɗanda aka horar wasu sun yi ritaya, wasu an yi musu canjin wurin aiki, wasu sun gudu daga garuruwansu. Malamin da aka ɗauka bara bai san an yi ba. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ZSUBEB, tana da kason horar da malamai da ke zuwa daga takwararta ta tarayya, UBEC, kuma a nan ne ya kamata a ga tsarin rukunin makarantu ya ɗore. Abin da aka fi sabawa da shi a ƙasar nan shi ne bita a babban gari, da jaka da alawus, kuma sunayen da ke shiga jerin sau da yawa na waɗanda ke kusa da ofis ne. Ƙaramar hukumar Gusau tana da mazaɓu 11. Galadima da Sabon Gari da Tudun Wada da Mayana da Madawaki suna cikin gari. Ruwan Bore da Mada da Wonaka da Magami da Wanke da Rijiya su ne na waje, kuma su ne ma'aunin gaskiya. Horon da bai kai gare su ba bai kai Gusau ba.

Abin ya ƙara nauyi da sauyin manufa. Tun daga 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa. A Nuwambar 2022 gwamnatin tarayya ta amince a faɗaɗa hakan zuwa shekara shida na firamare. A Nuwambar 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga tushe. A ganina an yi gaggawa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya koyar da yara da Yarabanci tsawon firamare, Turanci kuma a matsayin darasi a hannun malamin da aka horar musamman dominsa, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. A lura da wannan sharaɗin, malami na musamman. Shi ne abin da ba mu taɓa samarwa ba, sai muka ɗora laifin a kan harshen uwa. Ko ma mene ne ra'ayin mutum, umarnin ya sauka a kan malamin ƙauye: an ce ya koyar da lissafi da kimiyya da harshen da shi ma bai gama mallaka ba. Wanda ya ba da wannan umarni, bashin horo yana wuyansa.

Faransanci kuwa, labarinsa ya fi ban takaici. A 1996 Janar Sani Abacha ya ayyana shi harshen hukuma na biyu, aka shigar da hakan cikin manufar ilimi, manhaja ta tanade shi daga aji huɗu na firamare. Akwai Ƙauyen Koyon Faransanci a Badagry tun farkon shekarun 1990. Amma a firamaren gwamnati ta karkarar Zamfara, darasin sai dai a takarda. Iyayen da ke da hali a Gusau suna samun sa a makarantun kuɗi. Alhali duk ƙasashen da suka kewaye mu ta ƙasa, Binin da Nijar da Chadi da Kamaru, da shi suke aikin ofis. Ɗan kasuwarmu da ke zuwa Maraɗi yana cin kasuwarsa da Hausa, amma da ya isa gaban jami'in kwastan ko takardar asibiti sai ya nemi mai karanta masa. Tun daga 2019 dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi gudun 'yan bindiga, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Chadakori, 'ya'yansu suka shiga makarantun da ake Faransanci. Wasu za su dawo, kuma za su dawo da abin da babu malamin da zai ɗora musu a kai. Gaskiya ne Nijar ta sauya alƙibla: a 2025 ta ayyana Hausa harshen ƙasa, ta mayar da Faransanci da Turanci harsunan aiki. Wannan ma ƙarin dalili ne. Su suna neman masu Turanci, mu muna da ƙarancin masu Faransanci, kuma duka ɓangarorin biyu Hausa muke ji. Tun 1973 aka fara gwajin makarantu masu harshe biyu, Hausa da Faransanci, a Damagaram. Maraɗi tana da makarantar horar da malamai da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Me zai hana Maru ta yi musayar malamai da su in hanya ta yi kyau? Ba sai an kai kowa Badagry ba. Malami ɗaya mai Faransanci da zai zagaya makarantu huɗu ko biyar ya fi babu nesa ba kusa ba.

Larabci ba ya rasa malamai a wurinmu, alhamdu lillahi. Abin da ake rasawa shi ne dabarar koyar da shi a matsayin harshen da ake magana da shi. Yaro ya haddace nahawu, ya iya i'irabi, amma ya je Makka ba zai iya tambayar hanya ba. Dabarar da aka koya wa malamin Turanci ita ce malamin Arabiyya yake bukata, kuma ba a cika gayyatarsa bita ba.

Sai maganar sanin al'adun wasu, wadda ake haɗawa da koyar da harsuna. A littattafan da aka rubuta a Turai, abin da ake nufi shi ne yaro ya san yadda ake cin abinci a Faris da yadda ake gaisuwa a Landan. Babu laifi. Gusau ma ta san baƙi tun da jirgin ƙasa ya iso a ƙarshen shekarun 1920, ya kawo Yarabawa da Ibo da Kwarori suna cinikin auduga da gyaɗa, har aka samu Sabon Gari. Amma baƙon da yaron Ruwan Bore ya fi jahilta yau ba Bafaranshe ba ne. Yaron rugar da ke bayan gonarsu ne. Shekara goma sha da ake zub da jini ta haifar da yaran da ba su san Bafulatani ba sai a matsayin abin tsoro, da yaran Fulani da ba su san Bahaushe ba sai a matsayin ɗan sa-kai. Kakanninsu sun yi musayar nono da hatsi, makiyayi ya kwana da shanunsa a gonar manomi bayan girbi don taki, an yi auratayya, an yi wasan barkwanci. Waɗannan yaran ba su ga ko ɗaya ba. Hukumar ilimin makiyaya an kafa ta tun 1989, amma makarantunta a wannan yanki suna cikin waɗanda rikici ya fara ci. Malamin firamare da ya iya gaisuwa da Fillanci, ya san abin da Bafulatani ke jin kunyarsa, ya iya hana a kira yaro da sunan "ɗan ɓarayi" a ajinsa, yana yin aikin da soja ba zai iya ba. Wannan abu ne da ake koyarwa. Ya kamata Maru da Gusau su sa shi cikin horon kowane ɗalibin malanta, su kuma nemo 'ya'yan Fulani da gangan su ba su gurbin NCE, domin ajin da malaminsa ɗan ruga ne ya riga ya koyar da rabin darasin kafin a buɗe littafi.

Ba kuɗin da ya fi ƙarfin jiha ake magana ba. Littattafan TDP da na RANA an riga an rubuta su, sake bugu kawai suke jira. Malaman da aka horar su horar da wasu suna nan da ransu a ƙananan hukumomi. Darasin murya yanzu ta WhatsApp ma ana tura shi, in akwai layi. Abin da ya rage shi ne a sa shi a kasafin kuɗi kowace shekara, a ba malamin karkara alawus na musamman da zai sa ya zauna, a kuma daina canza wa wanda aka horar wurin aiki zuwa ofis.

Mai Girma Gwamna, an ga gine-gine, an gode. Shugaban hukumar ilimin bai-ɗaya, sakatarorin ilimi na Gusau da Tsafe da Bungudu, shugabannin kwalejojin Maru da Gusau, da iyayenmu sarakuna da hakimai: in za a fitar da jerin malaman da za su je horo na gaba, a fara rubuta na Ruwan Bore da Mada da Wonaka, sannan a sauko cikin gari.